Jan ƙullutu a idon kare: yadda na ga aikin wani asibitin dabbobi a Garwa

Ina da rumbun ajiyar hatsi da siminti a bayan gari, a kan hanyar da ta fita daga Garwa zuwa Ngaundere, kuma bayan an haura mana katanga har sau biyu cikin damina guda, sai na yanke shawarar ajiye kare domin ya taimaka wa dattijon da yake yi mana gadi. Na sayo ɗan kwikwiyo daga Duwala, irin manyan karnukan nan na ƙasar Italiya da ake kira Cane Corso, baƙi wuluk mai faɗin kai, muka sa masa suna Barde. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin nan ya kula da ciwon ido da ya same shi, da abin da na yaba a aikinsu, da kuma abin da nake ganin ya kamata su gyara. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai suka a cikin maganata, kuma ba na son sukar ta rufe alherin da aka yi mini.

Barde yana da wata bakwai, a tsakiyar watan Janairu lokacin da hazon hunturu ya rufe gari, mai gadi ya kira ni da sassafe ya ce, "Alhaji, ka zo ka duba idon karen nan, wani abu ya fito masa." Da na isa sai na tarar da wani jan ƙullutu a lungun idonsa na dama, ta wajen hanci, girmansa bai wuce ƙwayar gurjiya ba, launinsa kuwa kamar na jan goro da aka ɓare yanzu, yana sheƙi saboda danshi. Karen bai nuna alamar jin zafi ba, ya ci abincinsa, ya yi wasansa, sai dai lokaci zuwa lokaci yakan ɗaga ƙafar gaba ya goge wurin. Baba mai gadi ya ce ƙura ce, ya wanke masa da ruwan ɗumi, kuma abin mamaki da la'asar ƙullutun ya koma ciki kamar bai taɓa fitowa ba. Washegari ya sake fitowa, ya fi na jiya girma, daga ranar kuma bai ƙara komawa ba.

Kuskuren farko nawa ne, domin maimakon in nemi likita sai na nufi wani shagon sayar da magungunan dabbobi da nake sayen maganin tsutsar tumaki a wurinsa. Yaron shagon ya dubi hoton da na ɗauka a waya, ya miƙo mini man shafawa na ido irin wanda ake sa wa shanu, ya kuma ce idan kwana biyar suka wuce bai baje ba, in kawo karen ya yanke abin da almakashi, aikin minti goma ne, kuɗinsa sefa 10,000. Maganar ta kwanta mini a rai saboda sauƙinta da arharta, kuma da ba don wani abokina mai fataucin shanu ya ce in fara kai shi wurin likitan da yake duba masa garke ba, da yanzu an riga an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Asibitin ba wani babban gini ba ne. Ɗakuna uku ne da rumfa, da wata tsohuwar darbejiya a tsakar gida wadda masu jira suke zama a ƙarƙashinta, kuma duk wanda ya shiga zai gane cewa shanu da tumaki da kaji su ne ainihin abin da wurin yake rayuwa a kansu, kamar yadda lamarin yake a yawancin arewacin Kamaru. Ranar da muka je mun yi kusan awa biyu a zaune, domin likitan ya fita duba wata saniya da haihuwa ta zo mata da gardama, kuma babu wanda ya gaya mana lokacin da zai dawo. Zama da kare mai nauyin kilo 36 a cikin tumakin jama'a ba ƙaramin aiki ba ne, sai da muka koma da shi cikin mota. Wannan shi ne abu na farko da na ƙi a wurin, kuma har yau ina ganin da suna ba mutum lokaci ta waya kafin ya taso, da sun rage wa kansu da jama'a wahala.

Amma daga lokacin da likitan ya wanke hannu ya tsuguna a gaban Barde, sai fushin jiran ya fita daga raina. Bai taɓa ƙullutun da farko ba. Ya sa mataimakinsa ya ɗaura wa karen takunkumi, ya tambaye ni shekarunsa da irinsa da inda na samo shi, da ko an yi masa allurar rigakafin haukan kare, da kuma abin da muka riga muka sa masa a ido. Sannan ya ɗauko wata siririyar takarda mai zanen ma'auni a jiki, faɗinta bai kai na ƙaramin yatsa ba, ya lanƙwasa bakinta ya maƙala a cikin fatar ido ta ƙasa, ya riƙe idon a rufe yana kallon agogo har minti ɗaya cif. Ina tsaye a kansa ina ganin danshi yana hawa takardar a hankali kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. Ya yi wa ido biyun haka, na dama ya ba da milimita 17, na hagu 21. Ya ce mini wannan shi ake kira gwajin Shirma, kuma lafiyayyen kare yakan ba da 15 zuwa sama a minti guda, idan kuwa aka ga ƙasa da 10 to idon ya shiga bushewa. Bayan haka ya ɗiga wani ruwa mai launin rawaya, ya haska da 'yar fitila mai shuɗin haske domin ya ga ko saman baƙin idon ya ƙuje, saboda akwai magungunan rage kumburi waɗanda idan aka ɗiga su a kan ido mai miki sai su ƙara zurfafa mikin. Idon Barde bai ƙuje ba.

Sai da ya gama wannan duka ya juya bayan wata takardar rasit ya zana mini ido, ya yi mini bayanin da nake ganin shi ne mafi tsadar abin da na samu a asibitin. Kare yana da fatar ido uku, ba biyu irin namu ba. Bayan ta sama da ta ƙasa akwai ta uku, siririya, da take ɓoye a lungun ido ta wajen hanci, wadda wani ɗan guringuntsi yake tallafe da ita, kuma ita ce farar fatar da mutum yakan gani ta ja ta rufe idon kare idan yana gyangyaɗi. A gindin wannan fata akwai wata 'yar tsoka da take tsatsar da hawaye, wadda take samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na ruwan da yake jiƙa ido, a wasu karnukan ma fiye da haka. Wasu zarurruka ne suke riƙe da ita a mazauninta, kuma a wasu jinsunan karnuka zarurrukan suna zuwa da rauni tun daga haihuwa, sai wata rana tsokar ta suɓuce ta leƙo waje, iska da ƙura su same ta, ta kumbura ta yi ja. Ashe abin da nake kira ƙullutu ba ƙari ba ne, ba kuma wani baƙon abu ba ne da ya tsiro, maɓuɓɓugar hawayen karen ce da kanta ta bar wurinta. Turawa suna kamanta ta da wani jan ɗan itace na ƙasarsu mai suna ceri, da sunansa ma suke kiran ciwon.

Na gaya masa abin da yaron shago ya ce. Bai zagi kowa ba, ya dai girgiza kai ya ce, "Alhaji, a da can likitoci ma haka suke yi, suna yankewa, sai daga baya aka lura cewa da yawa daga cikin karnukan da aka yanke wa suna dawowa bayan shekara biyu ko uku ko fiye da busasshen ido." Ya kwatanta mini yadda wannan bushewa take: ido ya riƙa tara kwantsa mai kauri da yauƙi, ya yi ja, saman baƙin idon ya dushe ya yi duhu, har gani ya ragu ko ya tafi gaba ɗaya, kuma maganinta shi ne a riƙa sa wa kare wani magani mai suna saikulosiforin safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, maganin da ba kowane farmasi ne yake ajiye shi ba, kuma ba shi da arha. Da na tuna irin ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu, da zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40 a garin nan, sai na gane cewa idan akwai inda kare yake buƙatar kowane ɗigo na hawayensa, to Garwa ce.

Daga baya na bincika da kaina, na tarar maganarsa ta yi daidai da abin da masana suka rubuta. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar a shekarar 2022, wanda ya duba bayanan karnuka sama da 900,000 a ƙasar Birtaniya, ya nuna cewa kimanin kare ɗaya cikin 500 ne yake samun wannan matsala a shekara, kuma yawanci tana bayyana ne tun kare bai cika shekara ɗaya ba. Jinsin da ya fi kowane shiga haɗari shi ne Neapolitan Mastiff, wanda ya ninka karnukan da ba su da tsantsar jinsi har kusan sau 34, sai Bulldog na Ingila sau 24, sai Cane Corso irin nawa kusan sau 15, kuma Great Dane da Saint Bernard ma suna cikin jerin. Karen makiyaya na Jamus kuwa, wanda mutanenmu suka fi sani da sunan barje, yana cikin waɗanda abin bai cika samu ba. Na kawo wannan ne domin masu sayen manyan karnuka suna ƙaruwa a Garwa da Marwa da Ngaundere, kuma mai sayarwa a Duwala ko Yawunde zai gaya maka ƙarfin kare da girman ubansa, amma da wuya ya gaya maka ko an taɓa yi wa uwar ko uban aikin ido.

Likitan bai yi gaggawar tiyata ba. Ya ba mu maganin ɗigawa na mako guda domin kumburin ya ragu, tare da gargaɗin cewa maganin ba zai mayar da tsokar mazauninta ba, sauƙaƙa aikin kawai zai yi. Ya kuma ɗebi jinin karen ya gwada, saboda ya ga kaska biyu a bayan kunnensa, kuma akwai cutar da kaska take sa wa karnuka wadda take rage ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare, ta yadda ƙaramin yanka zai iya zama zubar jini mai wuyar tsayarwa. Wannan taka-tsantsan ya burge ni ƙwarai, domin ba abin da ya shafi ido kai tsaye ba ne, kuma da bai yi ba, ni ban san da shi ba balle in tambaya.

Aikin da ya yi shi ne wanda ake kira dabarar aljihu, wadda Morgan da wasu likitoci biyu suka bayyana a Amurka a shekarar 1993. Ana jawo fatar ido ta ukun a juya cikinta, a yi tsaga biyu marasa zurfi, ɗaya a sama da tsokar ɗaya a ƙasanta, sannan a tura tsokar ciki a ɗinke bakin tsagar biyu a kanta, ta koma kamar abin da aka sa a aljihu aka ɗinke. Ba a rufe ɗinkin ruf, ana barin 'yar kafa a kowane gefe domin hawaye ya samu hanyar fita, in ba haka ba sai ya taru ya zama ƙurji. Zaren siriri ne ƙwarai, irin wanda jiki yake narkar da shi da kansa, kuma ana ɗaure ƙullinsa ta bayan fatar domin kada ya riƙa gogar baƙin ido. Zaren ma sai da aka jira shi kwana uku, domin wanda suke da shi a asibitin na ɗinkin tumaki da shanu ne, kuma likitan ya ce ba zai sa shi a ido ba ko da zan yi fushi da jinkirin. Ya kuma gaya mini tun kafin a fara cewa aikin yana iya warwarewa, musamman a manyan karnuka masu sakakkiyar fatar fuska, kuma idan hakan ta faru sai a sake, wani lokaci a haɗa da ɗaure tsokar a jikin fatar ƙashin da ya kewaye ido. Na ji daɗin da bai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

An yi aikin da ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta ɗaga, bayan mun hana karen abinci tun daren jiya. A nan ne na ga inda kayan aikin asibitin suka gaza. Ba su da na'urar sa barci ta iskar gas, da allura kawai suke sa dabba barci, kuma mataimakin ne yake sauraren bugun zuciya da abin sauraro na kunne yana ƙirga numfashi da ido. Likitan da kansa ya faɗa mini cewa gas ya fi sauƙin sarrafawa idan aiki ya yi tsawo, kuma shi ya sa yake shirya komai a kan tire kafin ya yi allurar domin kada a ɓata ko minti ɗaya. Bayan kamar minti 40 aka fito da Barde aka kwantar da shi a kan tabarma a ƙasan ɗaki, domin babu kejin da zai ɗauke shi, kuma ni da Baba mai gadi muka zauna muka riƙe shi lokacin da yake farfaɗowa yana tangaɗi. Wuri irin wannan, da yake karɓar manyan karnuka, ya kamata ya tanadi ɗaki ko keji na farfaɗowa, domin kare mai wannan ƙarfi idan ya farka a ruɗe yana iya ji wa kansa ko wani ciwo.

Haka kuma ba su da abin wuyan nan mai kama da mazurari da ake sa wa kare domin kada ya sosa ido, sai ƙanana da ba za su shiga kan Barde ba. Mataimakin ya aiki yaro kasuwa ya sayo bokitin roba, ya yanke gindinsa daidai kaurin wuyan karen, ya naɗe bakin yankan da tsumma da salatif domin kada ya ci masa fata, ya huda ramuka huɗu ya ɗaure shi da igiya a jikin abin wuyansa. Kwana 14 karen ya yi da wannan bokiti, yana cin karo da buhunan masara, muna cire masa lokacin cin abinci kawai mutum na tsaye a kansa. Ya yi aikin da ake so, kuma na yaba wa basirar yaron, amma na fi son a ce asibitin ya tanadi na ainihi ya sa a cikin kuɗin aiki.

Game da kuɗi, na biya sefa 5,000 na dubawa, 12,000 na gwajin jini, 60,000 na tiyata, sannan magunguna da zare suka ci kusan 18,000, waɗanda na saya a waje da takardar da ya rubuta mini. Ban ga tsada a ciki ba idan aka dubi aikin, amma an fara gaya mini kuɗin tiyatar ne kawai, sauran suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga ya kasa fita. Bayanin yadda za a riƙa sa magani ma da baki aka yi mana, cikin Fulatanci da Hausa da ɗan Faransanci, sai da na nemi takarda na rubuta da hannuna domin Baba mai gadi ya ba yaronsa ya riƙa karanta masa. Akwai waɗanda suka ce mini wannan kuɗi ya yi yawa a kan kare. Amsata ita ce, ni na ɗauko dabbar nan daga nesa na ɗaure ta a ƙofar dukiyata tana kwana a farke domin in yi barci, shari'a ta yarda da ajiye kare domin tsaro, kuma tun muna yara muke jin hadisin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin lafiyarsa ba, bai kamata ya ajiye shi ba tun farko.

Inda asibitin ya fi samun yabona bayan tiyatar shi ne bibiya. A rana ta huɗu idon ya kumbura ya yi ja fiye da kafin aiki, hankalina ya tashi, na ɗauki hoto na aika wa likitan ta WhatsApp bayan sallar isha'i. Cikin rabin awa ya kira ni, ya tambaya ko karen yana runtse idon ko yana barinsa a buɗe, da kuma launin abin da yake fita daga ciki, ya ce kumburi a makon farko abu ne da aka saba gani, amma idan ya fara matse idon ya ƙi buɗewa, in kawo shi da asuba domin yana iya yiwuwa zare ne yake gogar baƙin idon. Bai matse ba, kumburin kuma ya sauka a mako na biyu. Ya duba shi sau biyu bayan haka bai karɓi ko sisi ba.

Akwai shawara ɗaya da ya ba ni wadda ba ta yi mini daɗi ba a lokacin, domin ta taɓa aljihuna. Ina da niyyar nemo mace in haɗa su in riƙa sayar da 'ya'yan, sai ya ce a ganinsa kada in yi kiwo da Barde, tunda raunin yana bin jini, kuma zan riƙa sayar wa mutane matsalar da na sha wahalarta. Na bar maganar kiwon. Likitan da yake neman ciniki kawai ba zai hana a haifi karnukan da za su zo masa da irin wannan aiki ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake tura duk wanda ya tambaye ni zuwa wurinsa, tare da gaya masa ya kira kafin ya taso, ya nemi jimillar kuɗi tun farko, ya kuma tafi da wani mai ƙarfi da zai taya shi riƙe kare.

A mako na shida aka sake maƙala wa Barde takardar gwajin hawaye, idon dama ya ba da milimita 19, kuma in ba an gaya wa mutum ba, ba zai iya nuna idon da aka yi wa aiki ba. Likitan ya ce in riƙa kawo shi gwajin sau ɗaya a shekara, ranar da za a sabunta masa rigakafin haukan kare, domin ko tsokar da aka mayar mazauninta tana iya rage aiki daga baya. Ya kuma ja kunnena a kan idon hagu, saboda sau da yawa idan ɗaya ya fito, ɗayan yakan biyo baya cikin 'yan watanni. Yanzu kowace safiya, kafin a buɗe rumbu, Baba mai gadi yakan kama kan karen ya juya shi wajen haske ya duba lungun idon biyu, kuma mun yi da shi cewa ranar da ya ga ko ɗan ja ne ya leƙo, ba ruwan ɗumi ba man shafawa, ya kira ni mu sa shi a mota.